Yadda ake faɗin shekaru da Turanci: Abin da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su sani

A ranar 27 ga Agustan 1991 ne gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Duk mai karatun boko a Jega ko Aliero ko Maiyama zai gane wannan shekara da zarar ya gan ta a rubuce. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka ce ya faɗe ta da baki cikin Turanci.

Wani zai ce "one thousand nine hundred and ninety-one", wani kuma ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ya ce "one nine nine one". Su kuwa masu harshen cewa suke yi "nineteen ninety-one", wato naintin nainti-wan.

Ba alfahari da iya Turanci ya sa ake maganar ba. Dillalin albasar Aliero da ke ciniki ta waya da abokan hulɗarsa na Legas ko Anaca, da ma'aikacin ƙaramar hukumar Maiyama da aka kira gaban kwamitin tantancewa, da ɗan kasuwar Jega da ma'aikacin banki ya tambaye shi shekarar haihuwarsa kafin a buɗe masa asusun da aka toshe, duk suna fuskantar tambaya iri ɗaya: wace shekara? Amsar da aka faɗa ba daidai ba, ko aka ji ta ba daidai ba, tana iya shiga takarda. Kuma kowa ya san wahalar gyara kwanan wata idan ya riga ya shiga rajistar BVN ko ta NIN.

Dalilin da ya sa Bahaushe ke ruɗewa

Hausa tana ƙirga shekara ne tamkar yadda take ƙirga kuɗi ko buhunan shinkafa. Ana farawa da dubu, a zo ɗari, a zo gomiya, a ƙare da ɗaiɗaiku: dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da ɗaya. Kalmar "alif" da ake ji a bakin masu karanta labarai, kamar a "alif ɗari tara da sittin", daga Larabci aka aro ta, kuma ma'anarta dubu. Saboda haka mai cewa "alif dubu ɗaya" ya faɗi dubu sau biyu ne, ko da yake kunne ya riga ya saba da jin haka.

Larabci ma da dubu yake farawa. Haka Faransanci, wanda fataken Kebbi ke ji a bakin jami'ai idan sun tsallaka Jamhuriyar Nijar ko Benin ta wajen Kamba. Bahaushe ya tashi ne a tsakanin harsunan da ke karanta shekara a matsayin cikakken adadi, shi ya sa idan ya juya zuwa Turanci yakan ɗauki wannan tsari ya tafi da shi.

Turanci ya bi wata hanya dabam. Turawan Ingila sun daɗe suna ƙirga shekaru da ɗari-ɗari. A wurinsu 1991 ɗari goma sha tara ce da casa'in da ɗaya, wato "nineteen hundred and ninety-one". Da tafiya ta yi tafiya sai aka riƙa jefar da "hundred and" daga tsakiya don sauƙin baki, ya rage "nineteen ninety-one". Jamusawa har yanzu suna faɗin ɗarin a cikin shekarun ƙarnin da ya wuce. Wanda ya fahimci wannan asali ya kama bakin zaren, domin duk sauran ƙa'idojin daga nan suka samo tushe.

Babbar ƙa'ida: a raba gida biyu

Idan shekara tana da lambobi huɗu, sai a raba ta biyu, a faɗi biyun farko a matsayin adadi ɗaya, biyun ƙarshe ma haka.

Shekarar 1817, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a cikinta, 18 ce da 17, wato "eighteen seventeen". Shekarar 1914 da aka haɗe Arewa da Kudu ita ce "nineteen fourteen". Shekarar samun 'yancin kai, 1960, "nineteen sixty" ce. Shekarar 1973 da Naira ta maye gurbin fam ita ce "nineteen seventy-three". Shekarar 1999 da aka dawo mulkin farar hula, Muhammad Adamu Aliero ya zama gwamnan Kebbi, "nineteen ninety-nine" ake ce mata.

Ba a sa "and" a tsakanin ɓangarorin biyu. Cewa "nineteen and sixty" kuskure ne, kuma yawanci "da" ɗin Hausa ce ke biyo mai magana ba tare da ya sani ba.

Idan lamba ta uku sifiri ce

Wasu daga cikin manyan shekarun tarihin wannan yanki suna da sifiri a gurbi na uku. A 1804 aka fara Jihadi, a 1805 rundunar Malam Abdullahi na Gwandu ta ci Birnin Kebbi, a 1903 Turawa suka ci Sakkwato, a 1906 aka yi tawayen Satiru.

A irin waɗannan, sifirin ana kiransa "oh", kamar sunan harafin O. Don haka 1804 ta zama "eighteen oh four", 1805 "eighteen oh five", 1903 "nineteen oh three", 1906 kuma "nineteen oh six".

Ba a tsallake wannan "oh". Wanda ya ce "nineteen three" ya bar mai sauraro cikin shakka, domin zai iya zaton ƙarshen maganar ne bai ji ba. A wajen jawabi na musamman, kamar taron tunawa da tarihi, ana iya dawo da cikakken tsarin a ce "nineteen hundred and three". Shi ma daidai ne, sai dai ya fi nauyi a baki. Cewa "zero" a maimakon "oh" ya yawaita a Najeriya kuma ana fahimta, amma "oh" ita ce abin da aka saba da shi a wurin masu harshen.

Idan lambobi biyun ƙarshe duka sifiri ne, sai a koma ga "hundred". Shekarar 1900, wadda a ranar farkonta Turawa suka ayyana Arewacin Najeriya a ƙarƙashin kariyarsu, "nineteen hundred" ce. Haka 1800 take "eighteen hundred".

Shekarar 2000 da ƙannenta tara

Da aka shiga shekarar 2000 sai tsohuwar ƙa'ida ta ci karo da cikas, domin babu mai cewa "twenty hundred". Kowa ya tsaya kan "two thousand", wasu su ƙara da cewa "the year two thousand" don a san shekara ake nufi.

Daga 2001 zuwa 2009 ma mafi rinjaye sun ci gaba da amfani da "thousand". Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero an kafa ta ne a 2006. Mai bin salon Ingila, wanda shi ne ake koyarwa a makarantun Najeriya, zai ce "two thousand and six". Ba'amurke yakan jefar da "and" ya ce "two thousand six". Akwai kuma masu cewa "twenty oh six", kwatankwacin "nineteen oh six". Duka ukun karɓaɓɓu ne.

Abin da ba ya yiwuwa shi ne "twenty six", domin wannan 26 ce. Haka 2001 ba za ta zama "twenty one" ba. Wannan haɗari na cakuɗewa da ƙananan lambobi yana cikin abin da ya sa mutane suka riƙe "two thousand and" a waɗannan shekaru tara. Wasu masana harshe kan ambaci wani shahararren fim na 1968 mai ɗauke da shekarar 2001 a sunansa, wanda ya sa kunnuwa suka saba da "two thousand and one" fiye da shekaru talatin kafin zuwanta.

A wajen dillalan motoci ana yawan jin "zero eight" ko "oh eight" idan ana maganar ƙirar 2008. Wannan taƙaitawa ce da ta dace da hirar kasuwa. Amma a gaban kwamiti, ko a waya da banki, cikakkiyar shekara ta fi aminci.

Daga 2010 zuwa yau

Da aka kai 2010 sai tsohuwar ƙa'ida ta dawo da ƙarfinta, saboda "twenty ten" ba ta cakuɗewa da wata lamba. 'Yan Najeriya ma sun riga sun saba da wannan salo tun zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da aka fito da shirin raya ƙasa mai suna Vision 2010, wanda kowa ke kira "twenty ten". Gasar Olamfik da aka yi a Landan a 2012 ta ƙara yaɗa "twenty twelve" a duniya.

Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, wato "from twenty ten to twenty fifteen". A ƙarshen 2015 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. Shekarar 2023 da aka cire tallafin man fetur ita ce "twenty twenty-three".

Wanda ya ce "two thousand and twenty-three" bai yi kuskure ba. Sai dai gajeren salon ya fi yawa a yau, kuma dalilin a fili yake: "twenty twenty-five" gaɓoɓi biyar ce, "two thousand and twenty-five" kuwa bakwai. Baki kullum sauƙi yake nema.

Inda haɗarin ya fi yawa: sha biyar ko hamsin?

A Hausa babu mai cakuɗa goma sha biyar da hamsin, domin kalmomin ba su yi kama ba ko kaɗan. A Turanci kuwa "fifteen" da "fifty" ɗan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce na ƙarshen kalma ba. Haka "thirteen" da "thirty", "fourteen" da "forty", har zuwa "nineteen" da "ninety".

A da wannan bai cika damun kowa ba, domin shekarun 2030 da 2040 da 2050 suna da nisa. Yanzu sun shigo cikin takardun yau da kullum. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda aka ɗauka aiki a 2015 zai cika shekara 35 a 2050. Ga "twenty fifteen" ga "twenty fifty", ɗaya ranar shiga ɗaya ranar fita, kuma harafi ɗaya ne a kunne ya raba su. Wanda aka haifa a 1980 zai cika sittin a 2040, "twenty forty", wadda ke iya zama 2014 a kunnen magatakardan da ke rubutu cikin hayaniya.

Haka abin yake a kasuwa. Mai shagon magani a Jega, ko mai sayar da maganin feshi ga manoman albasa a Aliero da Maiyama, idan ya tambayi dillali ta waya yaushe wa'adin kaya zai ƙare, bambancin "twenty thirty" da "twenty thirteen" shi ne bambancin kaya mai sauran rai da wanda ya daɗe da lalacewa. Fasfo mai wa'adin shekara goma da aka karɓa a 2020 ma a 2030 yake ƙarewa.

Alamomi biyu ne ke raba su. Na farko, masu ƙarewa da "teen" suna da dogon wasali da harafin "n" a ƙarshe: fiftiin. Masu ƙarewa da "ty" gajeren wasali gare su kuma babu "n": fifti. Na biyu, idan kalmar ce ta zo ƙarshe, nauyin murya yana sauka a kan "teen", alhali a "fifty" da "thirty" nauyin yana kan gaɓar farko. Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshensa ya riga ya koya masa bambanta dogon wasali da gajere. Abin da ake bukata kawai shi ne a ja "teen" ɗin, a kuma rufe da "n" sosai.

Idan layin waya ba shi da kyau, akwai dabarar da ma'aikatan banki da na jiragen sama ke amfani da ita a ko'ina: a faɗi shekarar, sannan a bi ta da lambobi. Misali, "twenty fifty, five zero", ko "twenty fifteen, one five". Babu abin kunya a cikin wannan. Turawan ma da kansu haka suke yi, domin su ma kalmomin na ruɗa su.

Sautukan da babu su a Hausa

Akwai wasu sautuka a cikin lambobin Turanci da Hausa ba ta da su. Sautin "th" na farkon "thirty", "thirteen" da "thousand" ana fitar da shi ne idan aka sa kan harshe tsakanin haƙora aka hura iska. Wanda ya yi karatun Alƙur'ani da tajwidi ya riga ya san shi, domin shi ne sautin harafin Larabci mai ɗigo uku da ke farkon kalmar "thalatha".

Sai "v" na cikin "five", "seven" da "seventy", wanda kan koma "b" a bakin Bahaushe. Ana yin sa ne da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Haka "f" ɗin Turanci na "four" da "fifty" yake, da haƙori da leɓe, saɓanin na Hausa da leɓɓa biyu ke fitarwa. A karin harshen yankin Sakkwato da Kebbi ma, inda ake cewa "tahi" a maimakon "tafi", wannan sauti ya fi bukatar kulawa.

Duk da haka, karin harshe ba laifi ba ne. Ba'indiye da Bafaranshe da Bayarabe kowa da irin nasa Turancin. Mai cewa "sebinti" za a gane shi. Wanda ya haɗiye "n" ɗin "seventeen" shi ne ya canza adadin baki ɗaya.

Shekara dabam, kuɗi dabam

Ɗan kasuwa ya kamata ya lura cewa ƙa'idar rabawa biyu ta shekara ce. Idan kuɗi ne, kamar N1,991, cikakken adadi ake faɗa: "one thousand nine hundred and ninety-one naira". Haka ake rubuta shi da kalmomi a kan cak. A rubuce ma akwai alama: adadin kuɗi yana ɗaukar waƙafi bayan dubu, shekara kuwa ba ta ɗauka. Rubuta 1,991 a gurbin shekara kuskure ne.

Salon kasuwannin Najeriya na cewa "two five" a nufin Naira 2,500 shi ma bai shafi shekara ba. A bar shi a wajen cinikin tumatir da kuɗin mota.

Cikakken kwanan wata

Idan za a haɗa rana da wata da shekara, ranar tana ɗaukar lambar jeri, wato ta ɗaya, ta biyu, ta uku: "first", "second", "third", "fourth", har zuwa "thirty-first". Ranar 'yancin kai, 1 ga Oktoban 1960, ita ce "the first of October, nineteen sixty". Ranar kafa Jihar Kebbi kuwa "the twenty-seventh of August, nineteen ninety-one".

Najeriya tana bin tsarin Ingila na rana, wata, shekara. Amurka kuwa da wata take farawa. Don haka 1/10/1960 a Najeriya 1 ga Oktoba ce, amma a Amurka 10 ga Janairu ce. Mai cike fom a intanet, ko mai duba kwanan wata a jikin kayan da aka shigo da su daga waje, ya kamata ya tabbatar da wane tsari aka bi. Mafi aminci a takardar ciniki ko yarjejeniya shi ne a rubuta sunan watan da haruffa.

Gomiya, ƙarni da shekarar karatu

Idan ana maganar shekaru goma a dunƙule, kamar daga 1980 zuwa 1989, sai a ce "the nineteen eighties", ko a taƙaice "the eighties". Shekarun da muke ciki su ne "the twenty twenties".

Lissafin ƙarni yana gaba da lambar shekara da ɗaya. Shekarun 1800 da 'yan kai, lokacin da kasuwar Jega ta yi suna a matsayin mahaɗar fatake a ƙasar Gwandu, su ne ƙarni na 19, "the nineteenth century". Shekarar 1991 tana cikin ƙarni na 20, yau kuma ana cikin na 21, "the twenty-first century".

Shekarar karatu da ake rubutawa 2023/2024 a takardun jami'ar Aliero ko na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega, ana faɗin shekarun biyu ne a jere: "twenty twenty-three, twenty twenty-four session". Ba dole ba ne a ambaci layin da ke tsakaninsu.

Shekarar Hijira da tsofaffin shekaru

Ƙa'idar rabawa biyu tana aiki a kan shekarar Musulunci ma. Shekarar 1445 bayan Hijira ita ce "fourteen forty-five A.H." Haruffan A.H. suna zuwa ne bayan adadin, kuma ana kiran kowanne da sunansa. Wannan shekara ta ƙunshi "fourteen" da "forty" a jere, don haka ta dace da gwajin baki ga mai son ya ji bambancinsu.

Shekarun da ba su kai dubu ba ana iya faɗinsu ta hanya biyu. Shekarar 622 Miladiyya, wadda aka yi Hijira daga Makka zuwa Madina a cikinta, ana ce mata "six twenty-two" ko "six hundred and twenty-two". Haruffan A.D. da B.C. da ake gani a littattafan tarihi suna nuna bayan haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, da kuma kafinta. Wasu littattafan zamani suna amfani da C.E. da B.C.E. a madadinsu, amma lissafin bai canza ba.

Shekaru biyar da ya kamata kowa ya haddace

Ba sai mutum ya haddace duk waɗannan ƙa'idoji a rana ɗaya ba. Shekarun da ake yawan tambayar ma'aikaci ba su wuce biyar ba: ta haihuwa, ta gama makaranta, ta fara aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta ritaya. Ɗan kasuwa kuma ta haihuwa, ta buɗe asusun banki, ta rajistar kasuwanci, ta ƙirar motarsa, da ta ƙarewar wa'adin kayansa ko takardunsa.

Ya rubuta su a takarda, ya raba kowacce biyu, ya duba ko akwai sifiri a gurbi na uku, ya lura da masu ƙarewa da "teen" da masu ƙarewa da "ty", sannan ya maimaita su da ƙarfi har baki ya saba. Yaran gida da ke sakandare za su iya zama masu sauraro.

Idan kuma aka zo wajen da za a rubuta abin da ya faɗa, ya nemi a karanta masa, ko ya duba da idonsa kafin ya sa hannu. Wanda Turancin ya kakare masa a irin wannan wuri, ya rubuta lambobin huɗu a takarda ya miƙa, ko ya aika su ta saƙon waya bayan an gama magana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma minti ɗaya na tabbatarwa ya fi watannin da ake ɓatawa ana zirga-zirga tsakanin Jega da Birnin Kebbi da takardar rantsuwar kotu a hannu.